Yadda ake zaɓen itacen baka, daga sara a daji zuwa ɗana tsirkiya

Tun da na nuna bakan da na sassaƙa bara, tambaya ɗaya ce take ta dawowa: da wane itace ka yi shi? Wasu ma sun kalli bidiyon Turawa, sun dawo suna cigiyar inda za su sami itacen da ake kira yew ko osage a Kano. Ba za ku samu ba. Na farkon itacen Turai ne, da shi Ingilawa suka yi dogayen bakunkunansu, na biyun kuma na Amurka ne. Babu wanda yake fitowa a dajinmu, kuma maharban ƙasar nan sun shekara aru-aru suna rataya kwari suna shiga daji ba su taɓa jin sunansu ba.

Nawa da dargaza na yi. Sai dai sunan itace rabin amsa ne. Na ga bakan dargaza da ya karye a jan farko, na kuma ga na magarya da ya shekara biyar yana aiki. Bambancin yana jikin sandar kanta: inda ta fito, lokacin da aka sare ta, da yadda ta bushe. Ga yadda nake bi, kamar yadda na koya a hannun Sarkin Bakan garinmu, tare da abin da asarar sanduna ta ƙara mini.

1. Ka san bakan da kake so kafin ka fita

Masu tambayata kashi biyu ne. Akwai masu son gajeren bakan maharba, wanda bai cika wuce ƙafa huɗu ba. Ba a jansa har kunne, fizgarsa ake yi zuwa ƙirji a saki. Akwai kuma masu son dogo, wanda ake ja har kumatu don wasan saiti. Tsawon sandar da za ka nema ya dogara da wanda ka zaɓa.

In dogon kake so, miƙe hannunka na hagu kamar ka riƙe baka, wani ya auna da tef daga dunƙulen hannun zuwa gefen bakinka. Yawancin manya sukan faɗa tsakanin inci 26 da 28. Ninka abin da ka samu biyu, ka ƙara inci 8 zuwa 10, tsawon bakanka ke nan. Mai jan inci 26 zai nemi baka mai inci 60 zuwa 62. A kan wannan sai ka ƙara inci 6 a wajen sara, domin bakin sanda yakan tsage in tana bushewa, kuma za ka buƙaci guntu don gwaji.

Gargaɗi: gajeren baka da aka ja har kunne, ko da wane itace aka yi shi, ƙarshensa karaya. Mai koyo ya fara da dogo. Dogon baka yana yafe kuskuren sassaƙa, gajere ba ya yafewa.

2. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Ƙaramin zarto, adda, gizago, wuƙa mai kaifi, magagari, samfefa, tef, igiya, kyandir biyu ko ragowar fenti mai mai, man kaɗe, da ƙaramin sikelin rataye na batir irin wanda matafiya suke auna jaka da shi. Rabin kayan nan suna gidanka. Gizago kuwa ka je wajen maƙera ranar kasuwa, ya fi na kanti araha da riƙe kaifi. Sikelin ne kaɗai zai ɗan taɓa aljihu, kuma ana iya aronsa.

Itacen kansa kusan kyauta ne. Abin da yake cin kuɗi shi ne motar zuwa ƙauye da ɗan goron wanda zai raka ka. Kada ka yi ƙyashin wannan goro. Mafarauci ko makiyayin da ya san dajin zai kai ka gindin dargaza cikin awa ɗaya, kai kaɗai kuwa ka wuni kana zagaye.

3. Itatuwan da za ka nema, da waɗanda za ka wuce

Abu ɗaya za ka riƙe kafin sunaye. In an ja baka, bayansa, wato gefen da yake kallon abin hari, miƙewa yake yi, cikinsa da yake kallonka kuma matsewa yake yi. Itacen baka shi ne wanda bayansa ba zai tsinke ba, cikinsa ba zai murƙushe ba, kuma in an saki ya koma yadda yake nan take. Ƙarfi kaɗai bai isa ba. Taɓarya tana da ƙarfi, amma ba ta lanƙwasa ta dawo.

Dargaza ita ce ta farko a wajena, kuma ita zan ba mai koyo shawara. Ƙaramar bishiya ce, sau da yawa tana fitowa sanduna-sanduna daga gindi ɗaya, ganyenta da kaushi da ƙananan haƙora a gefe, furenta rawaya. In kana shakka ka ɓare ɗan ɓawonta ka jiƙa: zai yi yauƙi, kuma zai zare kamar igiya. Itacenta yana da danƙo, yana lanƙwasa ya dawo, ba ya wahalar da wuƙa. Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san ta da wannan ba; mutanen San na Kalahari da danginta suke yin nasu bakan. Aibinta ɗaya, samun sanda miƙaƙƙiya mai ƙafa biyar da rabi sai an sha yawo.

Ɗunɗu shi ne na biyu. Za ka gane shi da ƙayarsa, da furensa mai lilo mai launi biyu, sama ja-ja ƙasa rawaya, da 'ya'yansa murɗaɗɗu masu cunkushewa wuri ɗaya. Ya fi dargaza nauyi da tauri nesa, don haka siririn baka ma yana ba da ƙarfi. Amma kowace ƙaya tana barin ɗan ƙulli a jikin itacen, kuma ba ya tsawo miƙe. Na gajeren baka ne. Wanda ya sami ɗunɗu miƙaƙƙe mai ƙafa huɗu ya riƙe shi da kyau.

Gora ita ce hanya mafi sauƙi ga wanda yake son ya harba kibiya a cikin watan nan. Gorar dajinmu naman jikinta kauri ne da shi, wata ma kusan toshe take, ba kamar ta kudu mai faɗin rami ba. Ka nemi wadda ta shekara uku ko fiye, wadda korenta ya dushe ya koma fatsi-fatsi. Sabuwar gora mai sheƙi ruwa ce zalla. In mai kauri ce sai a tsaga ta, fatar waje ta zama bayan baka, a sassaƙe ta ciki. Gaɓoɓinta na baya kada ka goge su su yi daidai da jiki, ƙarfinta a nan yake. Tana da lahani biyu: ƙwaro yana sonta, kuma da daɗewa takan riƙe lanƙwasa ta rage kuzari.

Marke yana da nauyi ƙwarai, busasshensa da ƙyar yake tasowa a ruwa. Matashin marke mai kaurin wuyan hannu yana yin baka mai ƙarfi, amma ba a gaggawar busar da shi, don yana tsagewa. Na taɓa jingine sanduna uku na marke a jikin katanga cikin watan Janairu na je ɗaurin aure na kwana huɗu. Da na dawo kowacce ta buɗe daga sama har kusan rabi, yatsa yana shiga. A murhu suka ƙare.

Magarya da kurna tsaka-tsaki ne, suna yi in an ba bakan faɗi da tsawo. Kanya ma tana yi in ka sami matashiya, sai dai bishiya ce mai 'ya'ya, mai gona ba zai ji daɗi ba. Aduwa tana da kyau a allo da ƙota, amma ƙayarta takan cika sandar da ƙulli. Tsamiya da ƙirya sun yi tauri, zaren itacensu a sarƙe yake, wuƙa ba ta bi, kuma nauyinsu yana sa baka ya doki hannu in an saki. Ka bar wa maƙera ƙiryarsu su yi gawayi.

Waɗanda ba za ka ɓata lokaci a kansu ba: kuka, rimi, gwangwala, zogale, duk fanko ne. Gawo yana da taushi, ƙwaro kuma ba ya barinsa. Turare yana murɗewa ya tsage in yana bushewa. Darbejiya kuwa, da yake ita ce a ƙofar gidan kowa, ita ta fi yaudarar masu koyo, ni ma da ita na fara. Na kwana shida ina gogar wani reshe har ya yi sheƙi. Ranar da na ja shi, ban kai inci 20 ba na ji tas, rabinsa na sama ya dawo ya same ni a goshi. Da na kai wa Sarkin Baka gutsattsarin, juya su kawai ya yi ya ce, "Yaro, wannan ai inuwa aka dasa ta ta yi, ba harbi ba." Na ce, "Baba, ai na ga tana da nauyi." Ya ce dutse ma yana da nauyi.

4. Izini da lokacin sara

Kowace bishiya da mai ita. In a gona take ka tambayi mai gonar, in a dajin gari ne ka bi ta wajen mai unguwa ko Sarkin Daji. Gandun gwamnati irin su Yankari, Falgore ko Kamuku kada ka shiga da zarto. Maɗobiya ma ka bar ta gaba ɗaya, an yi mata ɓarna da sara har ta shiga jerin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu tun 2017. Kuma a halin da ake ciki na tsaro, baƙo da adda a dajin da ba a san shi ba yana neman wa kansa magana. Wannan ma wani dalilin tafiya da ɗan gari ne.

Lokacin da na fi so shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ɓawo bai gama manne wa itace ba, iska kuma ba ta kai ga bushewar tsakiyar hunturu ba. Sandar da aka sara cikin damina jiƙe take sharkaf, ga fumfuna ga ƙwaro. Wadda aka sara a Janairu ko Fabrairu kuwa iskar hunturu takan zuƙe bayanta da sauri alhali cikinta ɗanye ne, sai ta tsage. Baba ba ya sara sai a duhun wata, ya ce ƙwaro ba ya cin irin wannan. Ni dai na sara a duhu na sara a farin wata, ƙwaron da ya ci mini sanda bai duba sama ba. Amma ban taɓa yi masa musu ba.

Wanda yake birni ba shi da hanyar daji ya zagaya wajen masu sayar da sandunan makiyaya da ƙotoci a kasuwar ƙauye mafi kusa, ya tambayi da wane itace aka yi. A can ake dacewa da gora da dargaza waɗanda sun riga sun bushe.

Gargaɗi: katakon 'yan katako bai cika yin baka ba. Inji ba ya bin zaren itace, yankewa yake yi ta ko'ina, kuma duk inda zare ya fita ta gefen katako, nan zai ɓalle. Farin katako mara nauyi da ake silin da shi kada ma ka taɓa.

5. Zaɓen sanda a jikin bishiya

Nan ne aikin yake. Cikin sanduna ashirin da za ka tsaya a kansu, wataƙila biyu ne za su cancanci zarto.

Fara da kauri. Kana neman kamar wuyan hannunka, inci 2 zuwa 3 a gindi, kuma kada kan ya sirance ya kasa inci ɗaya da rabi a tsawon da kake bukata. Irin wannan sanda takan fito a inda itatuwa suka yi cunkoso, bakin rafi ko cikin kurmi, domin kowacce tana miƙewa sama neman rana, ba ta tsaya yin rassa. Bishiyar da take ita kaɗai a fili rassa take bazawa tun daga ƙasa.

Sai ka dubi ɓawo, ka bi layukansa da ido daga ƙasa zuwa sama. In sun tafi sak, zaren ciki ma sak yake. In suna zagaya sandar kamar igiyar da aka tuƙa, itacen a murɗe yake, kuma murɗa ba ta fita, ko da sandar ta miƙe kamar alƙalami. Masu koyo sun fi faɗawa a wannan rami, don idonsu yana kan miƙewa kawai. Sanda mai ɗan lanƙwasa ɗaya mai laushi ta fi miƙaƙƙiya mai murɗa sau goma. Lanƙwasa ana gyara ta, wani lokaci ma riba ce: in ka sa bayan baka ta gefen da ya lotsa, sandar tana ja da baya tun kafin a ɗana mata tsirkiya, sai ta ƙara kuzari.

Zagaya sandar ka nemo fuska ɗaya mai tsabta daga sama har ƙasa, babu reshe, babu ƙulli, babu tabon gobara ko saran makiyayi. Wannan fuskar ita ce bayan bakanka. Ka yi mata alama da gawayi tun tana tsaye, don in ta faɗi za ka rikice. Ƙananan ƙulli a gefen ciki ba matsala ba ne, yawancinsu za su tafi a sassaƙa. Babban ƙulli ana jure shi a wuri ɗaya tak, tsakiyar baka inda hannu yake riƙewa.

Ka ƙwanƙwasa ta da bayan adda. In ka ji amo kamar ganga, cikinta rami ne ko ruɓa. Ka duba ƙananan huji da garin itace a jikin ɓawo, da hanyar gara a gindi. Ko huji ɗaya ka gani, wuce.

Gargaɗi: busasshen itacen da ya mutu a tsaye ko ya faɗi a ƙasa yana da jan hankali, don mutum yana ganin ya huta da jiran bushewa. Kada ka ɗauka. Ruwa da rana da ƙwaro sun gama da zarensa ko da ido bai gani ba.

Ka yanka da zarto, ba da gatari ba, domin gatari yana fasa bakin sanda ya fara tsagar da za ta yi ta tafiya. Ka bar kututture kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, dargaza da ɗunɗu suna sake tohowa. Kuma kada ka dawo da ɗaya. Ka ɗauko uku ko huɗu: ɗaya za ta tsage, ɗaya za ka ɓata da hannunka.

6. Toshe baki, ɓare ɓawo, busarwa

Ruwa ta bakin sanda ya fi saurin fita, shi ya sa tsaga take farawa daga can. Da ka yanka, kafin ka ɗora a kafaɗa, ka ɗiga narkakken kyandir a baki biyun ko ka shafa fenti mai kauri. A dajin za ka yi wannan, ba sai ka iso gida ba.

Cikin kwana ɗaya ko biyu ka ɓare ɓawon. In ka bar shi, ƙwaro a ƙarƙashinsa yake yin gida. Ka ɗaga bakinsa da wuƙa ka ja da hannu, inda ya ƙi ka kankare a hankali da bayan wuƙa ko cokali.

Gargaɗi mafi girma a duk bayanin nan: itacen da yake ƙarƙashin ɓawo kai tsaye shi ne fatar bayan bakanka, kuma ba a yanka shi. Ba a sassaƙarsa, ba a daidaita tudunsa da magagari. Duk zaren da ka datse a baya, ka buɗe wa karaya ƙofa. Sassaƙa duka ta ciki da gefe ake yin ta.

Bayan ɓarewa ka shafe sandar da man kaɗe sama-sama don ta bushe a hankali. Ka ɗaure ta a jikin miƙaƙƙen katako ko azara a wuri huɗu ko biyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yawancin karkata a nan take fita ba tare da wuta ba. Ka kwantar da ita a inuwa, inda iska take ɗan ratsawa, sama da ƙasa saboda gara. Zaure ko ɗakin ƙasa ya fi. Kada ka saƙala ta a ƙarƙashin rufin kwano, zafin wurin gasa ta zai yi. Kada ka jingine ta a tsaye, za ta lanƙwashe.

Wata nawa? A arewa, sandar dargaza mai kaurin wuyan hannu takan ɗauke ni wata huɗu zuwa shida. Marke da ɗunɗu na ba su kusan shekara. In kana gaggawa, bayan mako biyu ka rage naman cikin da gizago har sandar ta kusa siffar baka, ka sake shafa mai ka mayar ɗauri, za ta iya bushewa cikin wata biyu. 'Yan'uwa da suke Legas ko Kumasi su ƙara haƙuri, iskarsu da laima.

Amma kada ka dogara da lissafin wata. Ka auna sandar a sikeli ranar da ka sare ta, ka rubuta a jikinta da fensir, ka riƙa aunawa duk Juma'a. Za ta yi ta raguwa, sau da yawa har kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta ko fiye. Ranar da ka ga mako uku a jere nauyin bai motsa ba, ta bushe.

Gargaɗi: kada ka gwada lanƙwasa ta a gwiwa tana ɗanya "don ka ji ƙarfinta". Ɗanyen itacen da aka tanƙwara cikinsa ya riga ya murƙushe, zai zauna a haka, kuma bakan zai fito a mace.

7. Gwaji biyu da guntun da ka rage

Wannan matakin ya fi amfani ga wanda ya sami itacen da ban ambata ba, ko wanda ya saya a kasuwa bai tabbatar da sunansa ba. Yanke incin nan 6 na ƙari, ko fiye in kana da shi, ka tsaga shi.

Na farko gwajin ruwa. Fere sili ɗaya ya zama kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa, ka raba tsawonsa gida goma da fensir, ka tsayar da shi a cikin siririyar kwalba cike da ruwa. In gida biyar ko ƙasa da haka ne suka nutse, itacen ya yi fanko. Shida zuwa takwas shi ne madaidaici. In ya kusa nutsewa duka, itacen mai nauyi ne, zai yi baka, amma ka sirantar da shi, musamman kawunansa biyu.

Na biyu gwajin karya. Fere wani silin mai faɗin yatsa, siriri, ka lanƙwasa shi kaɗan ka saki. Ya koma miƙe ko ya zauna a karkace? Ka ƙara, ka saki. Daga nan ka ci gaba har ya karye, ka dubi karayar. In ya yi ta ƙara kafin ya ba da kai, ya tsage da dogayen zaruruwa kamar asuwakin da aka tauna, itacen baka ne. In ya ɓalle tas kamar alli, bakin karayar a datse, ka yi ƙota da shi.

8. Miƙar da ragowar karkata

In bayan bushewa akwai sauran karkata zuwa gefe, shafa mai a wurin, ka riƙa juya shi sama da garwashi, ba harshen wuta ba, har ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. Danna shi a gwiwa ko a tsakanin gwafa ya ɗan zarce miƙewa kaɗan, ka riƙe har ya huce. Zafin ta ciki da gefe za ka ba shi. Bayan baka in ya babbake ya tashi aiki. Ka bar shi kwana uku kafin ka ja.

9. Jan farko

Yadda ake sassaƙar baka dalla-dalla magana ce ta wata rana. Abin da ya shafi zaɓen itace shi ne, a nan sanda take faɗin gaskiyarta.

Bayan ka rage cikin, kafa kai ɗaya a ƙasa, ka riƙe ɗayan da hannu, ka danna tsakiya ka ga yadda rabin bakan na ƙasa yake lanƙwasa. Juya ka gwada ɗayan. Lanƙwasar ta bazu ko'ina, kada ta taru wuri ɗaya kamar gwiwa. Inda ya ƙi lanƙwasa nan za ka kankare, inda ya yi laushi ka yi masa alama ka ƙyale shi. Sai ka ɗaura doguwar igiya mai sako-sako, ka rataye bakan ta tsakiya a jikin gwafa ko ƙusa mai ƙarfi, ka maƙala sikelinka a igiyar ka ja daga nesa. Mai koyo kilo 12 zuwa 15 ya ishe shi. Kada ka taɓa jan sandar fiye da nauyin da kake nufi, ko sau ɗaya. Ka ja inci 10 sau ashirin, ka duba, ka kankare, ka ƙara inci biyu, a haka har ka kai tsawon janka. Sai an kai kusan rabin hanya ake ɗana tsirkiya ta gaskiya.

Ka sa kunne. Ƙaramar ƙara "ƙis" tana nufin wani zare ya ɗaga a baya. Tsaya nan take, ka shafa da auduga, inda ta maƙale nan ne. In ƙarami ne ana sa gam a naɗe shi da jijiya ko siririyar fata jiƙaƙƙiya. Ka duba cikin kuma a hasken rana: siraran layuka da suka gitta itacen alama ce ta murƙushewa, wurin ya yi siriri da yawa ko itacen bai kai ba. In ka sauke tsirkiya, kwantar da bakan ka auna yadda ya riƙe lanƙwasa. Inci ɗaya zuwa biyu ba komai. In ya wuce uku, ko bai gama bushewa ba, ko ya yi gajere, ko itacen ne.

Gargaɗi: ba a sakin tsirkiya babu kibiya a kai, ƙarfin duka a jikin bakan zai koma. Ka yi wa yaran gida wannan kashedi, ka kuma rataye shi inda hannunsu ba ya kai.

Ka harba kibiyar kyauro talatin zuwa hamsin a jikin buhun ƙaiƙayi, inda babu mutum ko dabba a bayansa, kana duba bakan bayan kowace goma. In ya wuce wannan, goge shi da samfefa mai laushi, ka shafa man kaɗe sau uku, kwana ɗaya tsakani. Duk ranar da ka gama harbi ka sauke tsirkiya. A tsakiyar hunturu itace yakan bushe fiye da kima ya yi gautsi, don haka ka ƙara masa mai, ka ɗan ja shi kaɗan-kaɗan sau goma kafin cikakken ja. Da damina kuma zai yi sanyin jiki ya rage ƙarfi. Ba lalacewa ya yi ba, ka rataye shi kwance a ɗaki mai iska, in kaka ta shigo ka sake auna shi a sikeli.